Ɗaki Uku a Tudun Wada: Tafiyata Jos Wajen Gwaggo

Ƙanwata ce ta bugo mini waya daga Kaduna ta ce Gwaggo ba ta jin daɗi, ƙafafunta sun kumbura, kuma kullum sai ta tambaya ko na manta hanyar Jos ne. A ɗakin su mahaifinmu ita kaɗai ta rage. Mu Hausawa ne na ƙasar Malumfashi a Jihar Katsina, Kiristoci tun daga kan kakanmu, 'yan ikilisiyar ECWA. Aure ya kai Gwaggo Jos tun ban zo duniya ba, ni kuma aikin koyarwa ya kawo ni Abuja, ina haya a Mararaba. Zumunta a ƙafa take, sai na nemi izini a makaranta, na shirya tafiya a tsakiyar Janairun 2025, hunturu ya kankama sosai.

Da asuba na isa tasha. A wannan lokaci duk cunkoson Mararaba yana ɓangaren masu shiga Abuja ne, mu masu fita hanya a buɗe take. Na samu motar haya ƙirar Sharon saura mutum biyu ta cika, na biya naira 13,000, aka ƙara mini 1,000 na kaya, don na ɗauko wa Gwaggo rabin buhun shinkafa da galan ɗin man gyaɗa da daddawar gida da mahaifiyata ta aiko mini. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin motar nan ko rabin haka bai kai ba. Direbanmu Musulmi ne, dattijo mai furfura a gemu, ya yi bisimilla ya tayar da mota, wata mata a baya ta ce, "Yesu ya yi mana jagora," kowa ya amsa da amin.

Daga Masaka zuwa Keffi zuwa Akwanga babu abin faɗi, an raba hanyar biyu, mota gudu kawai take yi. A Akwanga muka tsaya cin abinci, na ci sakwara da miyar agushi a naira 2,500. Daga nan muka karya hagu muka kama hanyar Jos, a nan ne tafiya ta zama tafiya: kwalta ɗaya, ramuka, tireloli, ga shingayen jami'an tsaro, wasu na buhunan yashi wasu na durom da katako mai ƙusoshi. Ta ƙasar Sanga a Kudancin Kaduna muka ratsa, muka wuce Gwantu, muka shiga dajin da ake ce wa Forest. A wani shinge an sa mun sauka duka an duba but, soja ya matsa buhun shinkafata da hannu ya ce mu tafi.

Wanda ke zaune kusa da ni ɗan kasuwar dankali ne, mutumin Barkin Ladi. Ya ji ina waya da ƙanwata, ya kuma ga Littafi Mai Tsarki na leƙowa daga aljihun jakata. Ya daɗe yana dubana kafin ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri da tambaya. Wannan Hausar taka ba ta koyo ba ce. Kai Bahaushe ne?" Na ce ƙwarai, Bakatsine ma. Ya ce, "Kuma Kirista?" Na ce tun daga kakana. Ya girgiza kai cikin mamaki, ya ce yana jin labarinmu amma bai taɓa zama kusa da ɗayanmu ba. Ban ji haushi ba, don na san inda tambayar ta fito. A Filato idan an ce Bahaushe, Musulmi ake nufi, alhali kuwa da Hausa ake wa'azi a yawancin majami'un jihar, da ita Birom da Angas da Maghavul da Irigwe suke fahimtar juna a kasuwa da sujada. Tun 1932 aka kammala buga Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya, Baturen mishan, ya ba da ƙarfinsa a kai, shi ɗin ma a Bukuru ya rasu a 1952. Muka yi ta hira har muka iso gindin Hawan Kibo.

Duk wanda ya taɓa zuwa Jos ta wannan hanya ya san Hawan Kibo. Daga wajen ruwan Assop hanya take fara miƙewa sama tana lanƙwasa a jikin dutse, hagu rami, dama dutse. Direba ya kashe rediyo, ya sa giya ta biyu, hira ta mutu a motar. Mun wuce tirela da ta kasa hawa, yaran mota sun tokare tayoyinta da manyan duwatsu, sun zuba ganye a kan kwalta don masu zuwa su ankara. Can ƙasa kuma ga gawar wata tankar da ta daɗe da faɗawa, tsatsa ta cinye ta. Kunnuwana suka toshe. Abin da ya fi ba ni mamaki kullum shi ne yadda iska take sauyawa cikin 'yan mintoci: a ƙasa muna gumi gilashi a buɗe, kafin mu kai sama kowa ya laluɓo rigar sanyi. Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200 sama da teku, sanyinta kuma ba irin na Katsina ba ne da yake zuwa da ƙura ya tafi da hantsi, wannan shiga ƙashi yake yi. Da muka gama hawa, mata masu talla suka yanyame motar da karas da kabeji da tumatir da dankalin Turawa, direba ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi, muka amsa masa gaba ɗaya.

A ƙasar Riyom idona ya tsaya kan abu biyu. Na farko duwatsun nan da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, da shingayen ƙerana da suka kewaye gidaje da gonaki. Abokin tafiyata ya ce kakanninsu ba don ado suka shuka ƙerana ba, doki ba ya ratsa ta, mahari ma sai ya yi tunani. Gaskiya ce ta tarihi, tudun nan mafaka ne tun zamanin hare-haren kamun bayi, ƙabilu da yawa sun hau shi ne don su tsira, dawakin sarakunan ƙasa ba su iya cin sa ba har Turawa suka zo. Na biyu kuwa gidajen da ba su da rufi. Bango a tsaye, baƙin hayaƙi a saman taga, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki. Ya nuna mini wani kango daga nesa ya ce nan ƙanwar matarsa take da aure, yanzu suna Bukuru a ɗaki ɗaya. Wurin da mutane suka gudo dominsa a da, yau daga cikinsa ake gudu. Wannan ya tsaya mini a rai har muka wuce Mararabar Jama'a, muka ratsa Bukuru da tafkunan da haƙar kuza ta bari, muka shiga Jos da azahar.

Keke ya kai ni Tudun Wada a naira 1,500, sauran na ƙarasa da ƙafa, yara suna taya ni ɗaukar kaya, don gidan Gwaggo a tsakanin duwatsu yake, babu abin hawan da ke isa ƙofar. Na same ta a bakin ɗaki tana shan ranar da ta rage, ta rufe ƙafafunta da zane. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, mun same ku lafiya? Yaya jiki?" Ta kama kaina da hannu biyu ta ce, "Ɗana, ashe kana tafe. Jiki da sauƙi, mun gode wa Ubangiji. Tashi ka shiga, gidanku ne."

Ni na san gidan ɗaki uku ne da ɗan falo, na kuma san ita da jikarta kaɗai ke ciki. Sai na tarar da shi cike. Takalman yara a bakin ƙofa, igiyar shanya ta lanƙwashe da kayan makaranta, wata tsohuwa tana tsince acca a faifai, wata mata matashiya tana hura gawayi. Gwaggo ta ce, "Ga 'yata, Maman Tagwaye, ga surukarta, ga jikokina huɗu. Daga Bokkos Ubangiji ya kawo mini su." Ba ta taɓa faɗa mana a waya ba, fiye da shekara guda ke nan. Ta ba su ɗaki biyu, ita da jikarta suka koma ɗaya. Ni a falo aka shimfiɗa mini katifa, da bargo biyu, duk da haka sai da na kwana da safa da hular sanyi. Da safe ruwan randa ba ya taɓuwa sai an ɗora a wuta.

Daren farko gwaten acca muka sha, da yakuwa da gauta da ɗan wake a ciki, Maman Tagwaye ce ta dafa. A gidanmu acca ba abincinmu ba ce, dawa da gero muka sani, amma a wannan sanyi na gane dalilin da mutanen Filato ba sa rabuwa da gwate. Washegari Gwaggo ta sa aka tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da hannunta da daddawar da na kawo, ta ce yau yaran nan za su ci abincin Katsinawa. Suka cinye tas har da neman ƙari.

Bayan yara sun kwanta ne Maman Tagwaye ta ba ni labarinta, ban tambaye ta ba. Daren jajibirin Kirsimeti na 2023 ne, lokacin da aka kai hari ƙauyuka da dama a Bokkos da Barkin Ladi, aka kashe mutum fiye da 150. Ta ce ta riga ta jiƙa shinkafa, an karɓo ɗinkin yara daga wajen tela, sai suka ji harbi ta bayan majami'a. Ta goya ɗaya, ta riƙe ɗaya, manyan biyu suka kama hannun kakarsu, suka gangara rafi suka kwanta a tsakanin duwatsu har gari ya waye, tana toshe bakin ƙaramin da zane don kada ya yi kuka. Maigidanta ya tsaya kwance awaki. Da safe a bakin garke suka same shi. An ƙone ɗakuna, an ƙone rumbu, har irin dankalin da suka ajiye na shuka. Daga nan sai sansani a harabar wata majami'a, inda matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, daga Jos suka kai gudummawa suka gan su. Da shugabar Zumuntar Mata ta dawo ta ba da labari a taro, Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce a kawo mata su. Ba ta san su ba, ba ƙabila ɗaya ba, ba ma ɗarika ɗaya ba, su 'yan COCIN ne.

Na tambaye ta abin da ta fi kewa. Na zaci za ta ce gona. Ta ce, "Kawu, a gidana ko cikin duhu na san inda gishiri yake, na san inda ashana take. Yaro ya yi kuka da dare, ba na neman fitila. Wannan nake kewa." Sai ta yi saurin ƙarawa, "Amma Mama ba ta taɓa bari na ji ni baƙuwa ce ba. Ranar da muka zo ta miƙa mini makullin sito." Gonarsu tana nan, tana son komawa idan damina ta faɗi, sai dai noma da rana abu ne mai yiwuwa, kwana ne ba wanda ya yarda ya yi.

Ranar Asabar Gwaggo ta ce lallai sai na raka ta Unguwar Rogo. Na ce ƙafarku fa? Ta ce ƙafa ba za ta hana ta gaida Alhaji, tsohon maƙwabcinta, ba, ta ji an ce idonsa ya tafi. Muka ɗauki shatar keke zuwa Terminus, mai keken ya ce iyakarsa nan, bai saba shiga can ba, muka sake wani. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa baƙo halin da Jos take ciki. Ga kuma babbar kasuwar Terminus da ta ƙone a Fabrairun 2002, har lokacin da na je ba a mayar da ita ba, 'yan kasuwa sun bazu a bakin titi. Garin da kuza ta tara wa mutane daga ko'ina, har aka jawo masa layin dogo daga Zariya a 1914, yau ya rabu unguwa-unguwa, kowa ya san inda zai kwana da inda ba zai bari magariba ta same shi ba.

A Unguwar Rogo Gwaggo ta yi zaman aurenta, maigidanta tela ne, a can suka gina gida, a can ta haifi 'ya'yanta duka. Ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001 rikici ya tashi, cikin mako guda aka rasa rayuka kusan 1,000. Maƙwabcinsu na jikin katanga, wannan Alhajin, shi ya turo matarsa ta ƙofar baya ta kwashe su, da wasu iyalai biyu. Aka sa wa matan mayafi, aka shigar da mazan ɗakin ajiyar hatsi, shi kuma ya shimfiɗa buzunsa a bakin zaure ya zauna da carbi. Samari suka zo suka ce sun san akwai arna a ciki. Ya ce musu duk wanda ke cikin gidan nan amanarsa ce, mai son shiga sai ya fara taka shi. Haka ya yi ta zama har motar sojoji ta zo ta kwashe su.

Mun same shi a wannan zauren. Da ya ji muryarta ya kira ta da sunan ɗanta na fari, kamar yadda suka saba, ya ce, "Ke ce da kanki? Da wannan ƙafa?" Ta ce, "Alhaji, ina wuni, yaya ƙarfin jiki? Ai ko da rarrafe na zo." Aka kawo mana fura da ruwa, matarsa ta fito suka rungume juna suna hawaye suna dariya. Na yi masa godiya a madadin danginmu, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Yaro, maƙwabci haƙƙi gare shi. Ranar da aka haifi babban ɗana, ita ta yanke cibiya. In bar ta a kashe, in ce wa Allah me?" Shi ma ya sha nasa, ƙaninsa ya rasa gida da shago a wata unguwar Kiristoci a rikicin 2008. Dole a faɗi wannan, domin wutar ba gefe ɗaya ta ci ba: a Janairun 2010 Musulmi aka karkashe a Kuru Karama, a watan Maris na shekarar Kiristoci aka karkashe a Dogo Nahawa.

Zamana a zauren ya tuna mini da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barkin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci 262 da suka gudo, mata a cikin gidansa, maza a masallaci, ya tsaya a waje yana roƙon maharan. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019, duniya ta ji sunansa. Irin su Alhaji da ba a taɓa rubuta sunansu a jarida ba suna nan da yawa a Jos, a ɓangarorin biyu, kuma da yawan masu rai a garin yau albarkacin ƙofar wani suke numfashi.

Tsohon gidan Gwaggo yana nan, an sake masa fenti, an ƙara shago a gaba. Bayan rikicin a araha suka sayar, kamar yadda dubban mutane suka yi, wasu ma musayar gida suka yi da waɗanda ke gudowa daga ɗaya ɓangaren. Matar gidan ta gane ta, ta ce ta shigo ta sha ruwa. Gwaggo ta shiga, ta tsaya a tsakar gida, ta dubi bishiyar gwaibar da maigidanta ya shuka, ta yaba yadda aka kula da ita, ta sa wa yaran gidan albarka, muka fito. A cikin keke ta ba ni ragowar labarin da ban taɓa ji ba. Da sojoji suka sauke su a ɓangaren Kiristoci, wasu samari masu sanduna suka ji Hausarta suka ce ƙarya take yi, 'yar leƙen asiri ce. Sai da ta karanta Addu'ar Ubangiji daga farko har ƙarshe, mayafin matar Alhaji yana kanta, kafin suka ƙyale ta. Ta ce, "A rana ɗaya aka ce mini arniya a can, aka ce mini Bahaushiya a nan. Ran nan na san Bahaushe Kirista ba shi da unguwa a Jos." Na yi shiru, don abin ya taɓa ni ƙwarai. Ta dafa gwiwata ta ce, "Kada ka ɓata rai. Da can in na wuce ƙofar nan sai in kwana biyu ban ci abinci ba. Yanzu Ubangiji ya cire mini ginin daga zuciya, ya bar mini mutanen."

Ranar Lahadi muka tafi sujadar Hausa. Tun daga nesa an tare hanya da benci, ba a barin mota ta matso, samarin Brigade, ƙungiyar matasan ikilisiya, suna shafa wa kowa na'urar bincike a jiki, mata ba sa shiga da babbar jaka. Haka majami'un Jos suka koma tun hare-haren bam na 2012, lokacin da aka kai wa majami'ar hedikwatar COCIN a watan Fabrairu, da ta Katolika ta St. Finbarr a Rayfield a watan Maris. A ciki kuwa matan Zumunta sun cika gefe guda da anko, ana buga tulu da kacau-kacau da ganga, waƙoƙinsu kusan duka a kan gidan sama suke, inda ba kuka, ba gudu, ba jana'iza. Maman Tagwaye tana cikinsu, Gwaggo ce ta ɗinka mata ankon.

Faston ya fara da Littafin Lissafi sura 35, biranen mafaka guda shida da Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe, uku a hayin Urdun, uku a ƙasar Kan'ana, domin wanda ya kashe rai ba da gangan ba ya sami inda zai gudu kafin a yi shari'a. Ya karanto sunayensu daga Joshuwa sura 20: Kedesh, Shekem, Hebron, Bezer, Ramot da Golan. Ya ja hankalinmu ga aya ta 15 a Lissafi, inda aka ce biranen na Isra'ilawa ne da baƙo da mai zaman baƙunci a cikinsu, ba a tambayar ƙabila a bakin ƙofa. Daga nan ya je Yohanna 14, inda Yesu ya gaya wa almajiransa kada zuciyarsu ta damu, a gidan Ubansa akwai wurin zama da yawa, zai tafi ya shirya musu wuri. Ya ce mu lura, a daren da za a bashe shi ya faɗi wannan, shi da ya riga ya ce dila suna da ramuka, tsuntsaye suna da sheƙa, amma Ɗan Mutum ba shi da inda zai sa kansa. Ya rufe da Ru'ya ta Yohanna 21, sabuwar Urushalima mai ƙofofi 12, uku ta kowace kusurwa, da aya ta 25 da ta ce ba za a rufe ƙofofinta da rana ba, dare kuwa babu shi a can. Na sha karanta ayar nan a Abuja. Amma jin ta a cikin mutanen da aka bincike su kafin su shigo sujada, waɗanda suka san dokar hana fita, suka san kwana da takalmi a ƙafa, wani abu ne dabam. Wani dattijo a gabana ya cire tabarau yana share ido.

Akwai abokin aikina da yake yawan cewa maganar sama ita ce ta sa talakan Nijeriya ya kwanta ana taka shi, an yi masa alkawarin gidan zinariya don kada ya tambayi inda haƙƙinsa ya tafi. Na yarda akwai masu wa'azin da suke amfani da ita haka, na kuma yarda cewa begen sama ba ya wanke gwamnatin da ta kasa tsare ƙauye a daren Kirsimeti. Faston nan ma bai ɓoye ba, ya yi addu'a a kama masu kisa a hukunta su, mutane su koma gonakinsu. Amma abin da na gani a Tudun Wada ya saɓa wa maganar abokina. Wadda ta fi kowa zancen sama a danginmu ita ce ta raba gidanta na duniya ta ba da kashi biyu cikin uku. Mu da muke riƙe da ɗakunanmu da hannu biyu, muna tsoron kada baƙo ya kwana uku, mu ne ba mu cika tuna sama ba. Ibraniyawa 13:14 ta ce ba mu da birni mai dawwama a nan, muna neman mai zuwa ne, kuma a farkon wannan surar aka ce kada a manta da karɓar baƙi. Ban taɓa haɗa ayoyin biyu ba sai a gidan Gwaggo.

Da daddare ta kira ni ɗakinta, ta sa jikarta ta ba mu wuri. Likita ya gaya mata zuciya ce take kumbura mata ƙafa, ta sani, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta ce, "Ɗana, ka saurara, kai ne babba a ɗakin ɗan'uwana. In Ubangiji ya kira ni, kada ku ɗauki gawata zuwa Malumfashi. Ƙasa duk ta Ubangiji ce, ranar tashin matattu ba za a rasa ni ba don na kwanta a Jos. Kuɗin motar da na anko ku haɗa ku yi ɗaki a bayan gidan nan. Kuma yarinyar nan da 'ya'yanta ba mai tashinsu sai ranar da ita da bakinta ta ce za ta koma." Na ce, "Gwaggo, Allah ya ƙara muku kwana, ba yanzu ba." Ta ce, "Amin. Ni ba gaggawa nake yi ba, ina son in ga tagwayen nan sun shiga firamare. Amma ba na tsoro. An kore ni daga gida sau ɗaya, inda zan je ba mai korata." Ta sa na karanta mata Zabura 46, Allah ne mafakarmu da ƙarfinmu, tana bi na da baki, don ta haddace ta tun tana yarinya. Muka yi addu'a, ta ambaci Alhaji da idonsa, ta ambaci waɗanda suka kashe mijin Maman Tagwaye, ta roƙa musu tuba.

Kafin in taso na kira magini ya duba filin bayan gidan. Dutse ne, sai an fasa, buhun siminti kuma ya kusa naira 10,000, ya yi lissafin ɗaki ɗaya da rufin kwano zai ci wajen naira 1,200,000. Na biya ta kasuwar Farin Gada na sayi kwandon dankali da kabeji da karas na tsaraba, na kama motar Abuja a naira 13,000, saukar Hawan Kibo ta fi hawansa ban tsoro, amma muka sauka lafiya, na isa Mararaba bayan magariba. A daren na buga wa ƙanwata da 'ya'yan Gwaggo biyu da ke Legas da Kano, na faɗa musu saƙonta kamar yadda ta faɗa. Mun yarda ba za mu jira jana'iza ba, kowa zai riƙa turo abin da ya samu a ƙarshen wata. An riga an fasa dutsen, an sauke bulo 300, muna fatan a ɗora kwano kafin ruwan Afrilu ya sauka.